Sayen magani a intanet: amsoshin tambayoyinku

Tambaya: Likita, maigidana yana sayen maganin ƙarfin maza a wani shafin intanet da ba ya neman takardar likita. Yana kuma da ciwon zuciya, yana sa wata ƙwaya a ƙarƙashin harshe in ƙirji ya riƙe shi. Hankalina ya ƙi kwanciya.

Amsa: 'Yar'uwa, da gaskiyarki, kuma ki lallashe shi ya dakata tun yau. Sildenafil, sinadarin da ke cikin maganin ƙarfin maza irin su Viagra, yana buɗe jijiyoyin jini. Ƙwayar ƙarƙashin harshen nan, wadda galibi nitroglycerin ce, ita ma aikinta ke nan. In suka haɗu, jini na iya sauka ƙasa farat ɗaya, mutum ya yanke jiki ya faɗi, wani ma ba ya tashi. Ko maganin na gaskiya ne haka abin yake, balle wanda ba a san adadin abin da aka zuba a ciki ba. Da wurin likita ya je, tambayar farko da za a yi masa ita ce ta zuciyar, shafin kuwa lambar katin banki kawai ya nema. Na san kunya ce ke kai maza da yawa can. Ki gaya masa mu likitoci kullum muna jin wannan matsala, kuma sau da yawa alama ce ta ciwon suga ko toshewar jijiyoyi, waɗanda ke buƙatar nasu maganin.

Tambaya: Na ga tallar allurar rage ƙiba ta Ozempic a Facebook da araha. In saya?

Amsa: Kada ki saya, Hajiya. A 2023 an kwantar da mutane a asibiti a Ostiriya bayan sun yi allurar Ozempic ta jabu, sugansu ya faɗi ƙasa sosai, aka kuma yi zargin insulin ce a ciki, wato allurar masu ciwon suga da ke saukar da suga. A watan Yunin 2024 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kan jabun wannan allura da aka gano a Birazil, Birtaniya da Amurka. Ko ta gaskiyar ma, kafin a fara amfani da ita a firji ake ajiye ta, tsakanin digiri 2 zuwa 8. Wa zai tabbatar miki ba ta kwana cikin zafi a hanya ba?

Tambaya: To ta yaya zan gane shafi mai izini? Maganin hawan jinina nake son a riƙa kawo mini gida.

Amsa: Malam, akwai na halal, kuma suna da amfani. Na kirki zai nemi takardar likita, ya nuna adireshinsa da lambar lasisi, wadda za ka iya bincikawa a wurin hukumar kula da magunguna ta ƙasarka. Zai kuma haɗa ka da ƙwararren mai haɗa magunguna in kana da tambaya. Wanda ya ce ba sai da takarda ba, ka rufe shi nan take. 'Yan sandan duniya na Interpol suna farautar irin waɗannan shafuka tun 2008 a samamen da ake kira Pangea, amma ana rufe wani, wani na buɗewa.

Maganinka ma yana da nasa haɗarin, domin hawan jini ba ya yi wa mutum sallama. In ƙwayar holoƙo ce, garau za ka riƙa jin kanka har ranar da shanyewar ɓarin jiki za ta auku. Duk inda ka saya, ka riƙa gwada jininka, kuma in launin ƙwayar ko kwalinta ya sauya, ka kai wa mai haɗa magunguna ya duba kafin ka sha.