Maigida Na So Mu Sayar Da Gidanmu Mu Zuba Kuɗin A Asusun Gamayya

Assalamu alaikum Anti, ya aiki, ya fama da jama'a? Don Allah a sakaya sunana.

Shekarata 34, yarana biyu, mace 'yar shekara bakwai da namiji ɗan shekara uku. Wata tara ke nan da muka tattara namu ya namu muka bar birni, muka koma wata gona da wasu mutane suka kafa don zaman gamayya. Ba dangin juna ba ne, ra'ayi ne ya haɗa su: a yi noma tare, a ci tare, abin da aka samu ya shiga asusu ɗaya. Mu manya 31 ne, yara 14. Kowane iyali na da ɗakuna biyu, amma kicin ɗaya ne, wurin cin abinci ɗaya, motoci biyu na kowa da kowa. Maigida ne ya gano wurin. Ni ma ba tilasta mini aka yi ba, na gaji da ganin mijina sai dare, bayan yara sun yi barci.

Ba zan ɓoye alheri ba. Yarana sun murje, ƙaramin da ba ya rabuwa da tari ya samu sauƙi, kuma na manta da fargabar cefane.

Ƙarfe biyar da rabi ake kaɗa ƙararrawa. A bangon wurin cin abinci akwai wani ƙaton allo da aka ja wa layi, sunan kowa da aikinsa na mako: masu tatsar shanu, masu ban-ruwa a lambu, masu gyaran shinge, masu kicin, masu kula da yara. Doka ita ce kowa ya cika awa 40 a mako. To a nan gizo ke saƙar. Awar gona cikakkiya ake rubuta ta, amma ta kicin da ta raino rabi ake lissafawa, wai ai ko a gidanka kake dole ka yi su. Ni kuma tun da na zo sunana bai bar layin kicin ba, wai hannuna na da daɗi. In dafa wa mutum 45, in kankare tukwanen da ɗana zai iya shiga ciki ya zauna, amma ranar Asabar in aka haɗa lissafi sai a ce ana bi na awa tara.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru mako uku da suka wuce. Cikin dare zazzaɓi ya rufe 'yata har tana sambatu, maigida kuma ya kai kaya kasuwa da ɗaya motar, can zai kwana. Makullin wadda ta rage yana rataye a ƙusa bayan ƙofar ofis, kusa da littafin da ake sa hannu, kuma doka sai an nemi izini tun ana gobe. Na zare makulli, na kwantar da yarinya a baya, sai asibiti. Ko ta kan littafin ban bi ba. Da asuba mai kai madara ya fito babu mota, madarar ranar ta lalace. A taron mako aka shafe awa biyu cur ana maganata ina zaune. Babu wanda ya ɗaga murya, kowa sai ya ce "ba laifinki muke gani ba, tsari muke dubawa." Wallahi Anti da zagi na suka yi da ya fi mini sauƙi. Mutum ɗaya ne kacal ya tambayi jikin yarinyar. Ban ce uffan ba. Na koma ɗaki na yi kukana a hankali, don bangon na katako ne, ko tari ka yi maƙwabta na ji.

Yanzu saura wata uku wa'adin gwajinmu na shekara guda ya cika. Duk wanda zai zama cikakken ɗan gamayya sai ya zuba abin da ya mallaka a asusu. Mu gida ɗaya muka mallaka a birni, mun sa haya a ciki, kuma kusan rabin kuɗin ginin gadon mahaifina ne. Maigida ya ce a sayar, riƙe shi raba ƙafa ne. Na ce to idan wata rana muka fasa zaman fa, me za a mayar mana? Ya ce irin wannan tambayar ce ke kashe amana. Na tambayi matar da ke riƙe da asusu, ta yi murmushi ta ce ai ba a taɓa samun matsala ba. Filin gonar kuma na ji an ce da sunan mutum biyun da suka kafa wurin yake.

Ban taɓa ganin mijina cikin walwala irin ta yanzu ba, ina tsoron a ce ni na rusa masa. Son kaina ne ya yi yawa, Anti? In sa hannu ko in ƙi?

Maman yara biyu

AMSA

Wa alaikumus salam 'yata. Ya jikin yarinya? Allah ya ƙara mata lafiya. Da wannan na fara tunda a taronku an yi rowarsa.

Kada ki sa hannu yanzu. Ban ce mutanen nan macuta ba ne, wasiƙarki ba ta nuna haka ba. Amma abin da ake nema ki yi cinikin biri a sama ne, kuma "ba a taɓa samun matsala ba" ba amsa ba ce, labarin jiya ne kawai.

Akwai wasu Kiristoci manoma da ake kira Huterawa, tun 1528 suke zaman dukiya ɗaya, yanzu yawancinsu na Kanada da Amurka. Wasu daga cikinsu a lardin Manitoba sun sauya aƙida, aka sallame su daga gonar da suka yi wa bauta shekara da shekaru, suka je kotu neman kasonsu. A 1970 Kotun Ƙolin Kanada ta ce ba su da ko allura, domin ƙa'idar da suka amince da ita ta ce dukiya ta jama'a ce, mai fita hannu rabbana zai fita. Su fa ƙa'idarsu a rubuce take, sun san abin da suka taka. Ke ko takardar ba a nuna miki ba.

Ba kuma sai an yi faɗa dukiya ke salwanta ba. A 1971 kimanin mutum 300 suka iso jihar Tenesi ta Amurka cikin jerin tsofaffin motocin bas, suka kafa wani wuri mai suna The Farm. Kowa ya zuba abin da yake da shi. Jama'a suka yi ta kwararowa har suka haura dubu, bashi ya yi musu katutu, a 1983 dole aka soke asusun bai-ɗaya aka ce kowane gida ya ci da kansa. Ɗaruruwa suka watse. Da zuciya ɗaya suka shiga, amma wanda ya sayar da gidansa ya zuba kuɗin a farko, ba shi da inda zai je ya karɓo shi.

Maganar maigida cewa riƙe gida raba ƙafa ne, a nan ma ban bi shi ba. Mutanen Twin Oaks, wata gonar zaman gamayya a jihar Bajiniya ta Amurka, tun 1967 suke cin tukunya ɗaya da asusu ɗaya, kuma har yau suna nan. A wurinsu ba a tilasta wa sabon shiga ya miƙa abin da ya mallaka kafin zuwansa. Dukiyarsa na nan da sunansa, sai dai ba zai riƙa kashe ta ba muddin yana cikinsu, don kada wani ya fi wani. Ranar da ya tashi tafiya, abinsa na jiransa. Wannan ne zan so ku ajiye a gaban mutanenku: gida ya zauna da sunanku, kuɗin haya ya riƙa shiga asusu duk wata muddin kuna wurin. Gamayya ta samu, ku kuma ba ku yanke igiyar da za ku iya kamawa ba.

Kafin ma a kai nan, ki nemi ganin takardar filin da idonki, gani ya kori ji. Wannan ya fi komai tayar mini da hankali a wasiƙarki. Idan da gaske da sunan mutum biyu yake, to duk rijiyar da kuka haƙa da ɗakin da kuka gina da kuɗin gadonki, a filin wasu kuka yi su. Yau masu filin mutanen kirki ne. Gobe ɗaya ya rasu, magadansa da ba su taɓa kwana a gonar ba su zo da tasu maganar. Wuraren da suka san abin da suke yi, da sunan ƙungiya mai rajista suke riƙe filinsu. Sai ki nemi rubutacciyar ƙa'idar fita: wanda ya tafi da kansa, wanda aka sallama, matar da aurenta ya mutu, marayun da aka bari, me kowannensu zai samu, cikin wata nawa. Ki kuma nemi a buɗe miki littafin asusu, ki ga ko ana bin gonar bashi. Abin da aka ba ki, ki kai wa lauyan da ba shi da alaƙa da wurin. Kason gadonki kuwa naki ne, babu wanda zai yi kyauta da shi a madadinki, ko da mijinki ne.

Sai maganar allo. Ki dafa wa mutum 45 a ce rabin aiki kika yi? Wanda ya tsara wannan lissafin bai taɓa kankare tukunya ba. A gidanki mutum huɗu kike dafa wa, sauran 41 ɗin aikin jama'a ne tsantsa. A Twin Oaks ɗin da na ambata, shekaru da dama ƙa'idarsu awa 42 ce a mako, kuma awa awa ce: girki, raino, shara, aikin da ke kawo kuɗi, duk farashi ɗaya. Ki yi lissafin naki ki gani. Idan ana bin ki awa tara, an rubuta miki 31, ke nan awa 62 kika yi a tsaye. Wa ya yi 62 a gona? Wannan lambar ki tafi da ita taro, ki kuma nemi a riƙa juya layin kicin, daɗin hannu bai zama ɗaurin rai da rai ba.

Yanzu kuma in juyo kanki, don ba zan bar ki haka ba. Ɗaukar mota ki kai yarinya asibiti daidai kika yi, ko ni ce haka zan yi. Amma madara ta lalace, kuma gumin wasu ne. Da kin ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabta, waɗannan da ke jin tarinki, da an san inda mota take, da wataƙila ma wani ya raka ki. Sannan aka yi awa biyu ana magana kina zaune kamar an dasa ki. Su suna cewa tsari suke dubawa, ai ƙofa suka buɗe miki. Da sai ki ce: gaskiya ne, tsarin ne da gyara, dokar mota ba ta san dare ba, ba ta san ciwo ba, a ƙara layi ɗaya cewa in lalura ta taso a ɗauka, a bar saƙo a ƙusar makulli. A irin wannan zaman, wanda ya yi shiru a taro ana ɗauka ya yarda ne. Kukan cikin ɗaki ba ya shiga littafin taro.

Kada ki ɗauka dokokin nan daga sama suka faɗo. A ƙauyukan zaman gamayya na Isra'ila da ake kira kibutz, waɗanda na farkonsu, Deganiya, aka kafa a 1910, an yi shekaru da dama a yawancinsu yara ba sa kwana da iyayensu, gidan yara daban ne. Ana ganin wannan ginshiƙin zaman ne. Iyaye, musamman mata, suka yi ta magana a taro har aka sauya, zuwa shekarun 1990 abin ya zama tarihi. Idan wannan ta sauyu, dokar makulli ba ta gagara ba. Kuma in da ni ce, zan ba da shawara a daina tara mutum 31 kan kowace ƙaramar magana. A naɗa mai kula da motoci, ya same ki ku biyu, minti biyar an gama.

Abu ɗaya na lura ba ki faɗa ba: me maigida ya ce a wannan taron? Yana zaune? Idan shiru ya yi, to wannan ciwon na nan a ranki ko ba ki rubuta ba, kuma shi za ki fara yi masa magana a kai kafin ta gida. Ku fita can bakin gona inda bango ba ya ji. Ki fara da abin da kika faɗa mini, cewa yara sun murje, kina ganin walwalarsa, ba ki da niyyar tayar da shi. Ina zargin tsoronsa ke nan, duk tambayar da kika yi sai ya ji kamar kina haɗa kaya ne. In ya sake cewa tambaya na kashe amana, ki tuna masa zo mu zauna zo mu saɓa ne, kuma su kansu mutanen ba su bar makullin mota ga amana kawai ba, littafi suka ajiye kusa da shi. Wanda ya nemi sa hannu kan mota, bai kamata ya ji haushi don an nemi takarda kan gida ba.

Ki sa ido kan yadda za a karɓi buƙatarki. Idan aka ɗauko takardu aka baje miki, ko aka ce gaskiya ba mu da su amma mu zauna mu rubuta, to kina cikin mutanen da za a iya zama da su. Idan kuwa aka fara yi miki kallon mai raunin zuciya, ko aka riƙa zuga miji a bayan idonki, ko aka soma ƙorafi kan yawan kiran 'yan'uwanki da zuwa ganinsu, ki sake rubuto mini da wuri, wannan wata magana ce daban. In wata ukun suka cika ana ta yi miki murmushi babu takarda, ku nemi a ƙara muku wa'adin gwaji, 'yan haya kuma su ci gaba da zamansu.

Anti