Hukuncin Kai wa Miji Ziyara a Masar da Zuwa Kallon Dalar Giza

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, wurin aikin maigidana sun tura shi Alƙahira, yanzu wata tara ke nan bai samu hutun zuwa gida ba. Ya nemo mini biza, ya ce in je in yi wata guda. Yayana da zai raka ni ba shi da halin barin aikinsa, tikitin mutum biyu kuma ya fi ƙarfinmu. Shin ya halatta a raka ni filin jirgin Kano in tafi ni kaɗai, shi kuma ya tarbe ni a can? Sannan ya ce zai kai ni in ga dalar Giza da gawar Fir'auna da tsofaffin masallatai, amma wata malama ta ce mini haramun ne zuwa wurin waɗanda Allah ya halaka. Mene ne gaskiyar lamarin?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

'Yar'uwa, kafin maganar jirgi, ki sani zuwanki wurin mijinki ba yawon banza ba ne. Wata tara ya yi yawa. Allah ya ba wanda ya yi rantsuwar ƙaurace wa matarsa wa'adin wata huɗu kacal, a aya ta 226 ta Suratul Baƙara. An kuma ruwaito cewa Sayyidina Umar ya ji wata mata cikin dare tana kukan kewar mijinta da ya tafi yaƙi, sai ya tambayi 'yarsa Hafsa iya tsawon lokacin da mace za ta iya haƙuri, daga nan ya sa wa mayaƙa iyaka, wasu ruwayoyi suka ce wata huɗu, wasu wata shida. Idan wanda ya fita jihadi ma an ce ya dawo, ina ga wanda ya fita neman albashi? Mijinki ya kyauta da ya nemi ki je, kuma ɗawainiyar tafiyar tana kansa.

Wannan magana ta matar aure ce. Wadda aka yi wa baiko ko aka sa wa rana ba ta cikinta, don saurayi baƙo ne har sai an ɗaura.

To, batun tafiya ba muharrami. Asalin hukunci shi ne hani. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Abbas cewa Manzon Allah (SAW) ya ce mace ba za ta yi tafiya ba sai da muharrami. Wani mutum ya ce an rubuta sunansa cikin masu fita yaƙi, matarsa kuma ta nufi hajji, sai Annabi ya ce masa ya tafi ya yi hajji tare da matarsa. A kan wannan ne malamai irin su Shaikh Ibn Baz da Shaikh Ibn Usaimin suka hana ko da tafiyar jirgin sama ce. Hujjarsu ba ta wasa ba ce: jirgi na iya sauka a wani gari ba wanda aka nufa ba, mai tarba na iya makara, ba a kuma san wanda zai zauna kusa da ita ba.

Wasu malaman sun duba dalilin hanin, suka ce tsaron mace ne da mutuncinta a hanya. Daga cikin Malikawa, Imam Al-Baji ya ce babban ayari mai jama'a da yawa hukuncinsa kamar na gari ne, mace na iya tafiya a cikinsa ba tare da muharrami ba. Ana ƙarfafa wannan da hadisin Adiyyu bin Hatim a Bukhari, inda Annabi ya ba da labarin lokacin da mace za ta taso daga garin Hira na ƙasar Iraƙi har ta yi ɗawafi a Ka'aba ba ta tsoron kowa sai Allah. Masu hani suna cewa wannan labari ne na abin da zai faru, ba izini ba ne. Masu halattawa kuma suna cewa a wurin yabon zaman lafiyar Musulunci aka faɗe shi. A kan ra'ayi na biyu hukumar fatawa ta Masar take tafiya.

Abin da na rinjayar a halinki shi ne, idan akwai muharramin da zai iya raka ki ba tare da an shiga ƙunci ba, to shi ne daidai, kin fita daga saɓani. Idan babu, kamar yadda kika bayyana, ya halatta ki tafi, da sharaɗin jirgin ya zama mai zuwa Alƙahira kai tsaye, ba mai yada zango a kwana a wani gari ba. Yayanki ya tsaya har jirgin ya tashi, mijinki kuma ya riga ki isa filin jirgi. Ki nemi kujera kusa da mata, in da hali ki bi ayarin iyalan da kika sani. Na rinjayar da haka ne saboda ɓarnar da ke cikin doguwar rabuwar ma'aurata a fili take, muna ganin yadda take kashe aure tana jefa mutane cikin saɓo, ita kuwa ɓarnar da ake tsoro a tafiyar sa'o'i kaɗan cikin jama'a zato ce mai rauni. Kada dai a ɗauki wannan sauƙi a kai shi ga tafiyar shaƙatawa ko ta saro kaya ba tare da buƙata ba.

Sai maganar malamarki. Ba daga kanta ta faɗa ba, akwai hadisi. A hanyar Tabuka, shekara ta 9 bayan hijira, Annabi (SAW) ya bi ta Hijr, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu, ya ce kada a shiga wurin waɗannan da aka azabtar sai ana kuka, in ba za a yi kuka ba kada a shiga, don kada abin da ya same su ya sami mai shiga. Ya rufe kansa ya gaggauta tafiya, ya sa aka zubar da ruwan da aka ɗebo daga rijiyoyinsu, ƙullin da aka kwaɓa da shi aka ba raƙuma. Wasu malamai sun faɗaɗa hukuncin zuwa duk kufan azzalumai.

Amma ki lura da abu biyu. Hadisin bai rufe ƙofa gaba ɗaya ba, ya sa sharaɗi ne a kan halin zuciyar mai shiga. Sannan Hijr wuri ne da azaba ta sauka a kansa, Giza kuwa ba haka ba ne. Fir'aunan Annabi Musa a teku aka nutsar da shi. Dalolin nan kaburburan wasu sarakuna ne daban. Babbar cikinsu, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500, tsayinta na asali kimanin mita 146, an gina ta fiye da shekara dubu kafin Ramsis na Biyu da ɗansa Marnabta, waɗanda aka fi zaton ɗayansu ne Fir'aunan Musa. Amr bin Al-As ya buɗe Masar wajen shekara ta 20 bayan hijira, sahabbai suka zauna a Fusɗaɗ, wato tsohuwar Alƙahira, dalolin na tsallaken kogin Nilu, ba a ruwaito sun hana zuwa wurin ba. Allah kuma ya ce a yi tafiya a bayan ƙasa a duba yadda ƙarshen mutanen farko ya kasance, kamar a aya ta 137 ta Ali Imrana da ta 42 ta Suratur Rum. Don haka zuwanki halal ne. In kin tsaya a gindin dutsen nan kin tuna cewa wanda ya tara dubban mutane suka gina masa shi ya mutu bai tsira da komai ba, har lada za ki samu. Abin da ba na so shi ne a je ana shewa ana kambama su kamar wasu gwaraza.

Gawarwakin tsofaffin sarakunan Masar kuwa, an mayar da 22 daga cikinsu sabon gidan tarihi na Fusɗaɗ a watan Afrilun 2021. Allah ya ce wa Fir'auna, a aya ta 92 ta Suratu Yunus, zai tsirar da jikinsa don ya zama aya ga na baya. Ganinsu don wa'azi babu laifi, ko da yake akwai malaman da ba sa son baje gawar ɗan Adam ana kallo, kuma maganarsu tana da fuska. In kin shiga, ki shiga da natsuwa. Idan ɗan rakiya ya nuna wata gawa ya ce ga Fir'aunan Musa, kada ki dawo gida kina yaɗawa a matsayin tabbas. Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba, masana tarihi ma ba su haɗu a kan mutum ɗaya ba.

Masallatan kuwa, ina ƙarfafa ki da ki je. Ki yi salla a masallacin Amr bin Al-As da na Azhar, wanda aka buɗe a shekara ta 972 miladiyya, ba tare da ƙudurta musu falala irin ta masallatai uku na Makka da Madina da Ƙudus ba. A maƙabartar Ƙarafa akwai kabarin Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 204 bayan hijira, da na Ibnul Ƙasim da Ashhab, almajiran Imam Malik da fiƙihun da muke karantawa a zaurukanmu ya biyo ta hannunsu. Ki yi musu sallama da addu'a irin wadda Annabi ya koya wa Nana A'isha. Za ki ga masu shafar ƙarfen kabari, da masu jefa takardar koke, da masu roƙon mamaci biyan buƙata. Kada ki yi ko ɗaya, roƙo na Allah ne shi kaɗai.

Inda na fi jin tsoro ma ba dala ba ne. Jiragen ruwan da ke yawon dare a kan Nilu da yawansu akwai giya da raye-rayen tsiraici, kuma an hana mumini zama a teburin da ake shan giya. Ku tambaya kafin ku biya, ko ku hau ƙaramin kwalekwale da rana. Haka bakin tekun da ake tuɓewa. A kasuwar Khan Khalili kuma, in za ki sayi tsaraba, ki bar gumakan fir'aunoni da ƙwaron dutse da shuɗin idon da ake ratayawa wai don maganin kambun baka. Na farko mutum-mutumi ne da aka hana ajiyewa, sauran kuwa layu ne na shirka.

Game da salla, tunda kin yi niyyar wata guda, za ki cika ne daga isarki, don niyyar zaman kwana huɗu cikakku tana yanke ƙasaru a mazhabar Malik. Zuwa Giza ba tafiyar ƙasaru ba ce. Amma idan kun tafi Iskandariyya, wadda ta haura kilomita 200, ko Luksor, ba da niyyar kwana huɗu ba, sai ku yi ƙasaru har ku dawo.

Allah ne Mafi sani.