Tambayi Likita: Kafin a fara shan maganin hormon

Tambaya daga Agege: Likita, shekarata 26. Namiji aka haife ni, amma tun ina yaro ji nake ni mace ce, kuma abin bai taɓa barina ba. Wata huɗu ke nan ina shan ƙwayar tazarar haihuwa da nake saya a kemis, don an ce akwai hormon na mata a ciki. Me likita zai nema kafin ya ɗora ni a kan magani?

Amsa: Na ji nauyin da ke cikin wasiƙarka, kuma na gode da ka amince da ni. Amma don Allah ka ajiye wannan ƙwaya tun yau. Yawancinsu suna ɗauke da ethinylestradiol, wani nau'in hormon na mata (hormon sinadari ne da ke tafiyar da aikin jiki), wanda likitoci suka daina bayarwa don wannan buƙata saboda yana daskarar da jini a jijiya. Gudan jinin kan taso daga ƙafa ya toshe huhu. Idan kana shan sigari, haɗarin ya ƙaru. Ranar da ka ga ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yi maka wuya, kada ka jira gari ya waye.

Abin da kake ji ba hauka ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire shi daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa a kundinta na ICD-11, wanda ya fara aiki a 2022. Duk da haka, likitan kirki ba ya rubuta hormon a zama ɗaya. Zai so ya tabbatar abin ya daɗe tare da kai, ya duba ko akwai ciwon damuwa da ke neman kulawa, sannan ya auna hawan jini, sukari, kitsen jini, hanta da ƙoda. Idan za a haɗa da spironolactone, maganin da ke rage aikin hormon na maza, dole a riƙa bibiyar fotasiyam, wani sinadari da ke cikin jini, domin idan ya hau yana rikita bugun zuciya. A shekarar farko ana komawa gwaji duk wata uku.

Akwai maganar da nake so ka zauna da ita sosai, wato haihuwa. Nonon da ya fito ba ya komawa, maniyyi kuma kan ragu, wani lokaci har abada. Shi ya sa ake tattauna adana maniyyi kafin a fara, ba bayan an yi nisa ba.

Ba zan ɓoye maka ba, likitoci da yawa a ƙasar nan ba za su rubuta wannan magani ba, kuma tsoron tonon asiri ya hana irinku zuwa asibiti. Sai dai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta mana rufe sirrin majiyyaci. Ka je a duba jininka, ka faɗi gaskiyar abin da ka sha. Idan kuma tunanin kashe kanka ya taɓa zuwa maka, asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Yaba yana nan, ka je a ranar.

Tambaya daga Idi-Araba: Jikata kwananta 12. Unguwarzoma ta kasa gane mace ce ko namiji, muka raɗa mata sunan mace. Yanzu tana amai, ba ta kama nono. Maƙwabta sun ce mata-maza ce, a bari ta girma.

Amsa: Hajiya, kada ku bari. Ku goya ta zuwa sashen gaggawa na yara a LUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, ga shi nan kusa da ku. Abin da ya fi jawo irin wannan shi ne matsalar wasu 'yan halittu biyu da ke zaune a saman ƙoda. Ba sa samar da hormon ɗin da ke riƙe gishiri a jiki, sai jariri ya bushe a sati na biyu ko na uku, maɗigarsa ta faɗa, har a rasa shi. Za a auna gishirin jininta, a yi hoton ciki, a gwada ƙwayoyin halitta. Idan shi ne, hydrocortisone da fludrocortisone suna riƙe yaro ya girma kamar kowa, amma magani ne na kullum. Zancen tiyata ba na yau ba ne. Mahaifiyarta kuma a daina ɗora mata laifi, ba abin da ta ci ko ta aikata ba ne.

Tambaya daga Mile 12: Dako nake yi, ƙarfina ya ragu har a shimfiɗa. Abokina ya ce in yi allurar testosteron, wato hormon na maza.

Amsa: Malam, a fara auna shi a jini da sassafe, har sau biyu a ranaku daban. Sau da yawa sukari ne ko hawan jini ko rashin barci. Allurar tana kaurara jini, tana kuma tsayar da maniyyi, don haka mai neman haihuwa ya nisance ta. Je babban asibitin gwamnati mafi kusa, idan da buƙata su ba ka takardar zuwa LASUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jihar Legas, a Ikeja.