Tambaya da Amsa: Distiributa da ranar haɗa inji

Tambaya: Malam, ina maido da Chevrolet Camaro Z/28 ƙirar 1969 yadda ta fito daga kamfani. An kawo mini distiributa, wato na'urar da ke raba wa fulogi wuta, ta kamfanin Delco-Remy mai lamba 1111480, a gefenta an buga 9 E 6. Lambar injina V0418DZ ce. Sun dace da juna?

Amsa: Lambar kayan daidai take, 1111480 ta injin 302 na Z/28 na wannan shekarar ce. Kwanan watan ne bai yi ba.

Lambar injinka tana kan ɗan dandamalin da ke gaban kan silinda, ɓangaren fasinja. V na nufin masana'antar Flint, 04 Afrilu, 18 rana, DZ kuma nau'in injin. Ita kuwa distiributa, 9 shekarar 1969 ce, E watan Mayu, 6 rana. Ka ga an ƙera ta bayan inji ya haɗu da kwana 18. Kayan da ba a ƙera ba tukuna ba ya shiga inji, don haka wannan ta wata motar ce. Nemi wadda ta riga 18 ga Afrilu da 'yan kwanaki ko makonni. Alƙalan ƙungiyar NCRS, masu duba motocin Corvette, kan ɗaga ƙafa har wata shida, amma gara tazarar ta zama kaɗan.

Inda mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne haruffan wata. A lokacin Delco-Remy ba ta amfani da I, saboda yana kama da 1. Daga H na Agusta sai J na Satumba, har M na Disamba. Kwanan watan zubin ƙarfe da ke jikin gangar inji kuwa yana da I ɗinsa, ya tsaya a L. Haka kuma motar 1969 da aka haɗa a ƙarshen 1968 za ta zo da distiributa mai 8 a gurbin shekara, ba laifi ba ne.

Kada kwanan wata ya sa ka manta da cikin distiributar. Ƙarafan nauyi, sifirin da gwangwanin iska su ke tsara lokacin ba fulogi wuta, kuma sau da yawa an canza su. Idan ba na wannan lambar ba ne, inji zai riƙa ƙwanƙwasa ko ya yi sanyin ja. Girgiza sandar tsakiya da yatsa. In tana wasa, bushin da ke riƙe ta ya cinye, kwantak, wato makunnin da ke haɗa wuta yana katsewa, ba zai tsaya a saitinsa na digiri 30 ba.

Sannan a yi hattara da jabu. Haska fitila ta gefe a kan lambar. Wurin da aka goge aka sake bugawa yakan ɗan lotsa, layukan injin sassaƙa sun ɓace, haruffan kuma ba su kai zurfi ɗaya ba.