Wai Einstein ya rusa Newton, ƙarya muke koya wa yara kenan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar fiziks ce a wata sakandaren 'yan mata a Zariya, ban daɗe da fara koyarwa ba. Ɗalibaina sun zo min da wani bidiyo na TikTok, mai maganar yana cewa wai Isaac Newton ɓarawon ilimi ne, labarin tuffa ƙarya ne, kuma Einstein ya rusa dokokinsa tun tuni, Turawa sun watsar da su mu aka bari da haddar banza. Wallahi abin ya tsaya min a rai, na kasa ba su amsar da ni kaina na gamsu da ita, yanzu in na shiga aji sai in ji kamar ina cin amanar yaran mutane. Don Allah wane ne mutumin nan a gaskiya, kuma aikinsa yana nan ko ya mutu?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Ki kwantar da hankalinki, ba ki ci amanar kowa ba, abin da kike koyarwa daidai ne kuma da shi ake aiki har gobe. Tunda ke 'yar gida ce ba sai na tsaya karanto miki dokoki ukun ba.

An haifi Newton a 1642 a ƙauyen Woolsthorpe a Ingila, maraya ya zo duniya don babansa ya rasu wata uku kafin haihuwarsa, yana shekara uku uwar ta sake aure ta bar shi wajen kakarsa. Daga baya ta cire shi daga makaranta don ya kula da gona, bai iya ba, dole aka mayar da shi. Ya shiga jami'ar Kambirij a 1661 cikin ɗaliban da ke yi wa wasu hidima don a rage musu kuɗin makaranta. Da annoba ta ɓarke a 1665 aka rufe jami'a ya koma gida, a zaman nan na wajen shekara biyu ya kafa tushen kalkulas, wato lissafin yadda abubuwa ke sauyawa, ya zurfafa a binciken haske da launuka, ya kuma fara tunanin ko ƙarfin da ke jawo abu ƙasa shi ne dai yake riƙe da wata a kan hanyarsa. Ya ƙera madubin hangen nesa mai aiki da madubi maimakon gilashin tabarau a 1668, shekara ɗaya bayan nan aka ba shi kujerar farfesan lissafi yana ɗan shekara 26.

Maganar tuffa, mai bidiyon ya ɗan taɓa gaskiya amma ya kwaɓa. Newton da bakinsa ya ba abokinsa William Stukeley labarin a 1726, cewa ganin faɗuwar tuffa a lambu ne ya tayar masa da tunanin. Babu inda ya ce ta faɗo masa a ka, wannan ƙarin gishirin mutane ne. Abin da ya kamata yaranki su riƙe shi ne tsakanin wannan tunani da fitowar littafinsa Principia a 1687 akwai shekara ashirin na lissafi. Kuma da ba don masanin taurari Edmond Halley ya je har Kambirij a 1684 ya tambaye shi wace irin hanya duniya za ta bi in jan rana yana raguwa da ninkin nisa a kan kansa ba, ya matsa masa ya rubuta, ya kuma biya kuɗin ɗab'in daga aljihunsa, da wataƙila takardun sun ruɓe a akwati. Ki nuna musu lissafin wata, yana da daɗi: nisan wata ya kai ninki 60 na nisan da ke tsakaninmu da tsakiyar ƙasa, 60 sau 60 ya ba da 3600, to jan da ƙasa ke yi wa wata ya kamata ya zama kashi ɗaya cikin 3600 na wanda take yi wa tuffa, kuma da aka auna haka ɗin ne.

Sata kuwa, ya gina a kan aikin masanan da suka gabace shi, Galileo da Kepler da Descartes, kuma duk wanda ya yi ilimin haske a Turai a zamanin ya ci moriyar Kitabul Manazir na Ibnul Haisam da aka fassara zuwa Latin ɗaruruwan shekaru kafin nan, wannan gado ne, haka ilimi ke tafiya. Ya yi mummunar rigima da Leibniz na Jamus kan kalkulas, masana tarihi sun tsaya a kan kowannensu shi ya gano nasa, Newton ya riga ganowa Leibniz ya riga bugawa a 1684. Ba waliyyi ba ne, mutum ne mai riƙo da zafin zuciya, bai yi wa Leibniz da Robert Hooke adalci ba, ya kuma ɓata shekaru masu yawa a alkimiyya, wato neman mayar da ƙarfe zinariya. Ya koma gidan buga kuɗin Ingila a 1696 yana farautar masu jabun kuɗi, ya shugabanci ƙungiyar masana kimiyya ta Ingila, Royal Society, daga 1703 har rasuwarsa a 1727.

Toh sai batun "an rusa". Da lissafin Newton aka yi hasashen dawowar tauraro mai wutsiya na Halley kuma ya dawo a 1758, da shi masanin taurari Le Verrier ya nuna inda za a duba a sama a 1846 aka duba aka ga duniyar Neftun. Inda ya gaza shi ne wata 'yar karkata a tafiyar duniyar Makyuri wadda da kaɗan ta haura kashi ɗaya cikin ɗari na digiri guda a shekara 100, ita Einstein ya warware a 1915. Aikin Einstein yana fitowa ne in gudu ya doshi na haske ko jan ya yi tsanani, ko inda ake bukatar awon lokaci mai tsananin daidai irin na GPS. In kika rage gudun zuwa namu na yau da kullum lissafin Einstein da kansa sai ya koma na Newton. A motar da ke gudun kilomita 100 a awa bambancin amsoshinsu bai kai kashi ɗaya cikin tiriliyan ba. Injiniyan da ke zana gada a Jamus ko Caina yau da Newton yake aiki, da shi aka lissafa hanyar zuwa wata a 1969.

Kuma nan ne raina yake ɓaci Malama, don mai bidiyon ya samu mabiyansa ya wuce, amma ya bar wa yara ra'ayin cewa dokokin nan abin jarrabawa ne kawai, alhali dama muna fama da wannan cutar a kan titi kullum. Mutanenmu, har da masu digiri, sun yarda a ransu cewa in mota ta tsaya su ma sun tsaya, in ma abu ya faru ai za su riƙe. Ki tsaya bakin titi da safe lokacin kai yara makaranta ki ƙirga mata nawa ne a gidan gaba da jariri a cinya, uba yana tuƙi yaro ɗan shekara uku yana tsaye tsakanin kujeru yana riƙe da kafaɗarsa, kowa hankalinsa kwance. In ka yi magana a ce ai na rungume shi sosai. Wallahi ba za ki iya ba, ba kuma don ba kya son ɗanki ba, hannun ɗan Adam ne ba shi da wannan ƙarfin.

Mu yi lissafin da kike yi a allo. Gudun kilomita 50 a awa, wanda ko a cikin gari ba a kiransa gudu, kusan mita 14 ne a daƙiƙa. Mota ta daki wani abu ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, kuma na ma sassauta. Ki raba 14 da kashi ɗaya bisa goma, kin samu 140. Yaro mai kilo 10, ki ninka 10 da 140, kin samu niyuton 1400 (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi), wato kamar a ce a ƙiftawar ido yaron ya koma nauyin kilo 140, kusan buhun siminti uku, ana fizgarsa daga hannunki ba tare da sanarwa ba. Ba wani abu ne ya tura shi gaba ba, dama tafiya yake a gudun motar, motar ce ta tsaya shi bai tsaya ba, zai ci gaba har sai gilas ko dashbod ya tsayar da shi. In kuma uwar ba ta sa bel ba ita ma tana tafe a bayansa, jikinta ne zai matse shi. Babban mutum mai kilo 70 da ke zaune a baya babu bel, lissafin ya ba da niyuton 9800, nauyin tan guda kenan zai sauka a bayan kujerar direba. Shi ya sa mai cewa ni ai a baya nake ba ruwana da bel, ba ransa kaɗai ya sa a kasada ba.

Sai wata jita-jita da ake yawo da ita a tasha, wai bel ɗaure mutum yake ya hana shi tsira, gara mota ta cillo ka waje. Kowa yana da labarin wani da aka cillo ya tashi ya kakkaɓe riga, waɗanda aka cillo ba su tashi ba kuwa ba sa nan balle su ba da nasu labarin. Wanda ya fita ta gilas a kilomita 50 da wannan gudun zai haɗu da kwalta ko bishiya, daidai yake da faɗowa daga tsayin mita 10, bene mai hawa uku. A kilomita 100 ba ninki biyu ba ne, ninki huɗu ne, kusan mita 40, saboda kuzarin tafiya da ninkin gudu a kan kansa yake hawa. Haka ma birki, direban da ya ninka gudu ya ninka nisan tsayawarsa sau huɗu, in ruwa ya jiƙa titi ko taya ta suɗe abin ya fi haka, amma za ki ji shi yana cewa shekarata talatin a hanyar nan hannuna ya faɗa. Gwaninta tana taimaka maka ka kauce wa hatsari, na yarda, amma da zarar taya ta fara zamewa shekarunka ba sa cikin lissafin, nauyi ne da gudu da kamun taya. Abin da bel yake yi kuwa doka ta biyu ce tsantsa, wadda ta ce ƙarfi shi ne nauyi sau saurin sauyin gudu, yana tsawaita lokacin tsayawar jikinka ya kuma baza ƙarfin a kan ƙirji da ƙugu inda ƙashi yake da ƙwari. Hular kwano haka take yi wa kan ɗan acaɓa. Gaban motocin yanzu da ake rainawa ana cewa gwangwani ne da an taɓa sai ya lotse, da gangan aka yi shi haka, lotsewar ce ke cinye lokaci da ƙarfin da zai iso gare ka.

Kuma mu duba yadda muka mayar da abin. Direba ya hango masu kaki sai ya jawo bel ya ratayo a kafaɗa ko sakawa bai yi ba, an wuce shinge ya sake shi. Wasu ma ta bayan kujera suke zagayo da shi su maƙala don ƙarar motar ta yi shiru. A motar haya an cusa mutum biyu a kujerar gaba, wa zai sa bel ɗin a cikinsu? A kan a-kori-kura an yi lodin buhuna an ɗora mutane a sama ƙafafu na lilo, birki ɗaya ya isa. Ga masu sayar wa direbobi laya da guru wai maganin hatsari, suna karɓar kuɗin talaka suna ƙara masa ƙarfin halin taka totur, waɗannan su ji tsoron Allah, jinin mutane ne. In ka matsa a ce maka ai komai ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce mun yi imani da ita, amma Manzon Allah (SAW) cewa ya yi da mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali, kuma ƙa'idar da abubuwa ke motsi a kanta Allah ne ya shimfiɗa ta, Newton rubuta ta kawai ya yi da lissafi. Shi kansa mai imani ne da Mahalicci, rubuce-rubucensa na addini tuli ne.

Laifin bai tsaya a tasha ba, mu malamai da masu tsara manhaja muna ciki. Yarinya za ta haddace dokar farko, cewa abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya har sai wani ƙarfi ya tsayar da shi, da Turanci kalma bayan kalma ta ci jarrabawa, ta fito ta hau babur su uku babu hula, don ba wanda ya taɓa ce mata dokar a kanta take magana. Ana korar malami ya gama silabas kafin zango ya ƙare, ɗakin gwaji a kulle ko babu shi, to me zai hana ɗan TikTok ya zo da minti ɗaya ya kwashe su.

Don haka Malama in kin koma aji kar ki tsaya dogon musu da bidiyon, ki ba su tarihin a taƙaice da shekarunsa, ki faɗa musu inda Einstein ya gyara da girman gyaran. Sannan ki sa ɗaya ta ɗora lemo a kan faranti ta ruga da shi ta tsaya cak, su ga inda lemon ya nufa, a maimaita da ɗan saurin da ya fi na farko. Aikin gida kuma kowacce ta duba katin awon ƙaninta ko ƙanwarta na asibiti ta ɗauko kilonsa, ta lissafa ƙarfin da ake bukata a riƙe shi a kilomita 50 da kuma 80, ta rubuta amsar da Hausa a takarda ta kai wa mamanta da babanta su sa hannu kafin ta dawo miki da ita. Allah ya taimaka, ya yi wa karatun yaran albarka.