Me yasa ƙasashen Yamma ke wa'azin haƙƙin ɗan Adam amma suna ƙawance da azzaluman shugabanni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara basira. Don Allah wani abu ne ya daɗe yana ɗaure min kai, kullum Amurka da ƙasashen Turai cikin maganar dimokuraɗiyya da haƙƙin ɗan Adam suke, har takunkumi suna ƙaƙabawa wasu, amma sai kaga cikin manyan ƙawayensu akwai masu ɗaure 'yan jarida da bindige masu zanga-zanga. Shin basu san abin da ake yi bane, ko dama can maganar haƙƙin yaudara ce kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, amin summa amin. Batun basu sani ba dai mu ajiye shi gefe tun yanzu, sun sani sarai. Ma'aikatar harkokin wajen Amurka da kanta take fitar da rahoto duk shekara kan yadda ake take haƙƙin mutane a ƙasashen duniya, tun ƙarshen shekarun 1970 ake yi, a ciki zaka karanta labarin azabtarwa a gidajen yarin ƙawayensu ɓaro-ɓaro, kuma gwamnatin da ta rubuta rahoton ita ce dai take sa hannu a tura makamai. Abin da ke faruwa shi ne, haƙƙin ɗan Adam yana cikin lissafinsu amma ba shi ne a sama ba, duk ranar da ya haɗu da man fetur ko sansanin soja ko cinikin makamai ko tare 'yan ci-rani toh shi ake cewa ya jira.

Bari mu tsaya a kan Masar don nan ne abin ya fi fitowa fili. Bayan ta yi sulhu da Isra'ila a 1979 Amurka ta mai da ita babbar ƙawa, tun shekarun 1980 kuma take ba sojojinta tallafin kusan dala biliyan 1.3 duk shekara. Akwai doka a Amurka da ta ce idan soja suka hamɓarar da zaɓaɓɓiyar gwamnati dole a tsayar da irin wannan tallafi. Toh a watan Yuli 2013 Janar Sisi ya kifar da zaɓaɓɓen shugaba Mursi, kowa ya gani a talabijin, amma gwamnatin Obama sai ta ƙi furta kalmar juyin mulki kwata-kwata, tace doka bata tilasta mata ta yanke hukunci ko juyin mulki ne ko ba shi bane, saboda ta san tana faɗa dokar zata hau kanta. Ranar 14 ga Agusta na shekarar jami'an tsaro suka afka wa magoya bayan Mursi masu zaman dirshan a dandalin Rabi'a a Alƙahira, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙirga aƙalla mutum 817 da aka kashe a wurin cikin yini guda. Amurka ta ɗan riƙe wasu jiragen yaƙin da zata ba Masar na wani lokaci, zuwa Maris 2015 an sake su. Wallahi duk sanda na tuna da adadin nan sai raina ya ɓaci, mutane ne fa masu iyaye da 'ya'ya. Me Masar take da shi da ya kai wannan? Mashigin Suwez, da sararin samaniyarta da jiragen sojan Amurka ke bi, da sulhun Isra'ila, da iyakar Gaza. Ita kuma Tarayyar Turai a Maris 2024 ta ƙulla mata yarjejeniyar yuro biliyan 7.4, wanda tare masu tsallaka teku zuwa Turai yana cikin manyan dalilanta.

Kuma ba yau aka fara ba, uzurin ne kawai ke canzawa. Zamanin yaƙin cacar baka uzurin shi ne kwaminisanci. A 1953 hukumar leƙen asirin Amurka CIA da ta Birtaniya suka taimaka aka tumɓuke Firaminista Mossadegh a Iran bayan ya mai da man ƙasar hannun gwamnati, aka ƙarfafa Shah, wato sarkin ƙasar, da 'yan sandan cikinsa na SAVAK. Mobutu ya riƙe Kwango daga 1965 har 1997 da ɗaurin gindin Yamma, haka ma Pinochet da ya hau mulki a Chile a 1973, Suharto na Indonesiya kuma ya tura soja Timor ta Gabas a Disamba 1975 kwana ɗaya bayan Shugaba Ford na Amurka da sakataren harkokin wajensa Kissinger sun bar Jakarta. Har hujjar ilimi aka samar wa abin, Jeane Kirkpatrick wadda daga baya ta zama jakadiyar Reagan a Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi rubutu a 1979 cewa gara mai kama-karya da ke tare da su a kan gwamnatin kwaminis, don na farkon zai iya gyaruwa wata rana. Bayan harin 11 ga Satumba 2001 sai uzurin ya koma yaƙi da ta'addanci, yanzu kuma 'yan ci-rani ne da tsoron kar Chaina ko Rasha su ɗauke ƙawar.

Amma ga wani ɓangare da mutane basa lura da shi, muna ɗauka babbar ƙasa ce ke juya ƙaramin azzalumi yadda take so, alhali sau da yawa shi ma ya riƙe mata wuya, kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Dubi Saudiyya, tun haɗuwar shugaban Amurka Roosevelt da Sarki Abdul'aziz a kan jirgin ruwan yaƙi a Fabrairu 1945 cinikin shi ne man fetur a bakin tsaro. An kashe ɗan jaridar Saudiyya Jamal Khashoggi a ƙaramin ofishin jakadancin Saudiyya da ke Istanbul ranar 2 ga Oktoba 2018, rahoton leƙen asirin Amurka da aka fitar a Fabrairu 2021 yace Yarima Muhammad bin Salman ne ya amince da aikin, shi yariman ya musanta. Biden lokacin kamfen ya yi alƙawarin mai da masarautar saniyar ware, amma da yaƙin Yukren ya sa mai ya yi tashin gwauron zabi sai gashi a Jidda a Yuli 2022. Sannan akwai Uzbekistan, da Amurka ta nemi a yi binciken ƙasa da ƙasa kan kisan masu zanga-zanga a Andijan a Mayu 2005, Shugaba Karimov sai kawai ya basu wa'adi su kwashe sansaninsu da suke amfani da shi wajen yaƙin Afganistan, kuma suka kwashe. A ganina irin wannan ne yake koya wa jami'ansu cewa magana tana da tsada, sai su gwammace shiru.

Toh yaudara ce zalla kenan? Ni ban yarda da haka ba gaskiya, don Yamma ba mutum ɗaya bane, akwai majalisa da kotu da 'yan jarida da ƙungiyoyi, kuma wani lokacin suna cin galaba a kan gwamnatocinsu. A 1986 majalisar Amurka ta tsallake ƙin amincewar Reagan ta ƙaƙaba wa gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu takunkumi. A Yuni 2019 kotun ɗaukaka ƙara a Birtaniya ta ce yadda ake ba da lasisin sayar wa Saudiyya makamai ana tsaka da yaƙin Yaman ya saɓa doka, duk da cewa bayan shekara ɗaya gwamnati tace ta sake duba lamarin ta ci gaba da bayarwa. Kaga ana samun nasara, sai dai bata cika ɗorewa ba.

Abin da nake jin tsoro ɗan'uwa shi ne mutum ya ga wannan fuska biyun sai yace toh haƙƙin ɗan Adam ɗin ma shirme ne, kayan Turawa ne, wannan ita ce maganar da azzaluman suka fi so su ji daga bakinmu. Wanda ake gana wa azaba a kurkuku bai damu da ko mai ɗaure wa shugabansa gindi Amurka bane ko Rasha, kuma mun ga abin da jiragen Rasha suka yi wa garuruwan Siriya daga 2015 don Assad ya zauna. Dubi Hissène Habré na Chadi, Amurka da Faransa sun mara masa baya daga 1982 zuwa 1990 saboda yana yaƙar Gaddafi, kwamitin binciken da aka kafa a Chadi bayan faɗuwarsa ya ƙiyasta mutum 40,000 da aka kashe a mulkinsa. Waɗanda suka tsira daga kurkukunsa da matan da aka mayar zawarawa su ne suka yi ta bin shari'ar fiye da shekara ashirin ba tare da sun gaji ba, har wata kotu ta musamman ta Afirka a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai a Mayu 2016, amma cikin waɗanda suka bashi makamai da kuɗi babu ko mutum ɗaya da ya gurfana tare da shi.