Mota ta ƙi tashi da safe: batir ne ko wani abu daban?

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ina zaune a unguwar Birni, nan Damagaram. Tun da hunturu ya shigo, in na murɗa makulli da safe sai in ji ƙas-ƙas-ƙas, injin bai juyawa, sai yara sun tura. Batir ɗin ya haura shekara 2. In sayi sabo ne?

Amsa: Alhaji, dakata da kuɗinka tukuna. Ƙarar nan tana nufin wuta ba ta isa demarer, wato na'urar da ke juya injin ya tashi, amma ba kullum batir ke da laifi ba.

Fara da kawunan batir. In ka ga farin gari ko kore ya taru, ko waya tana motsi in ka girgiza ta, watakila matsalar ke nan. Cire wayar (-) da farko, ka wanke kawunan da ruwan ɗumi da ƴar kanwa, ka goge, ka ɗaure tam. Motoci da yawa sun tashi a hannuna da wannan kaɗai.

In ta ci gaba, sai mitar awon wuta. Batir da ya kwana lafiya yana nuna wajen volt 12.6, 12.2 rabin caji ne. Awon da na fi yarda da shi kuwa shi ne lokacin da wani ke murɗa makulli: in ya faɗi ƙasa da 9.6 alhali an cika shi da caji, ya gaji. In mota ta tashi, ya kamata ka ga 13.5 zuwa 14.5. In ƙasa da haka ne, dinamo (na'urar da ke cajin batir) ko bel ɗinsa ne, kuma sabon batir ma haka zai mutu.

Zafin Afrilu da Mayu, da ke haura digiri 40, shi ke ƙone ruwan batir ya cinye farantan ciki. Sanyin safiya tona asiri kawai yake yi. In naka mai marafai ne, ƙara masa tataccen ruwan batir, ban da na famfo, ban da asid. In ya kumbura ko yana warin ruɓaɓɓen ƙwai, canza shi yau.

Don Allah kada ka bari wani ya cire wayar batir injin na aiki wai yana gwada dinamo; yana iya ƙone kwamfutar mota. Haka ma haɗa kawunan da waya don a ga tartsatsi: iskar da batir ke fitarwa tana kama wuta, ya fashe a fuskar mutum.